Garin Welfeya a Tukunyar Mamunatu

Mamunatu mai koko ta fi shekara ashirin tana kafa teburinta a bakin hanyar da ta gangara daga Zangon Kumasi zuwa kasuwa, kuma ba ta taɓa komawa gida da ragowa a tukunya ba sai a ƙarshen shekarar 1969. Ana cikin azumi aka yi shela cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Kafin a gama cin tuwon ƙaramar Sallah, manyan motoci sun kwashe rabin masu shan kokonta daga tashar Race Course, wasu sun nufi Najeriya, wasu Nijar, wasu ƙasar Mosi. Ita iyayenta mutanen Salaga ne, 'yan ƙasa, don haka ba wanda ya taɓa ta.

Waɗanda aka bari a baya galibi tsofaffi ne, masu ciwon gwiwa da masu taurin kai. Cikinsu har da Mma Mero, maƙwabciyar Mamunatu, wadda ta koya mata damun koko tun tana amarya. 'Ya'yanta maza biyu sun roƙe ta har da kuka ta hau mota, ta ce a bayan masallacin unguwa aka binne cibiyarta, ba inda za ta. Suka tafi suka bar ta da akuya ɗaya da ɗaki uku babu kowa.

Da sabuwar shekara ta kama, sai labari ya zo cewa ofishin welfeya, mai kula da jin daɗin jama'a, zai riƙa raba wa tsofaffi garin masara da madarar gari da man girki. Sharaɗin shi ne mutum ya je da ƙafarsa cikin gari ranar Talata, ya hau bene, ya faɗi sunansa da inda aka haife shi, ya dangwala yatsa. To, wannan tambaya ta inda aka haifi mutum ita ce ta wofintar da gidajen Zango wata ɗaya da ya wuce. Wa zai kai kansa? 'Yan kaɗan da suka yi ƙarfin hali suka dawo da wani gari ruwan ɗorawa mai tsakuwa-tsakuwa. Aka tuƙa tuwo ya ƙi haɗuwa, aka zuba wa awaki.

Mamunatu ta ga Mma Mero na ramewa. Kullum takan kai mata koko da ƙosai, tsohuwar ta kurɓa sau biyu ta ture kwanon, ta ce ta ƙoshi. Ranar wata Talata Mamunatu ta rufe tukunyarta da wuri, ta hau trotro, motar haya, ta je ofishin da niyyar karɓo mata rabonta. Akawun da ke bakin taga ya ce ba a karɓar wa wani. Ta yi masa Hausa, ta yi masa Twi, ta ƙara da ɗan Turancin kasuwa, bai ko ɗago kai ba.

Tana saukowa tana mita, sai ta ci karo da wata matashiya 'yar Asante a kan matakala, riƙe da makullai. Awura Serwaa ke nan, jami'ar da aka ɗora wa rabon. Ta ji abin da Mamunatu ke faɗa, ta tsayar da ita, ta buɗe mata wani ɗaki a ƙasa. Buhuna ne jibge har rufi, ƙwari sun fara yawo a kan na ƙasa.

"Maame, dubi," in ji Serwaa da Twi. "Abinci ga shi, masu yunwa ga su can, amma ba sa zuwa. Me muka yi musu?"

"Ni za ki tambaya a kan matakala?" Mamunatu ta ce. "Zo Zango ki tambaye su. Bakinsu bai tafi da motocin ba."

Serwaa ta yi dariya, ta ce za ta zo ranar Asabar ta sama. Kafin su rabu Mamunatu ta roƙi gwangwani biyu na garin, ta ƙulle a bakin zanenta.

Kwana uku tana fama da shi a tsakar gida. Ta tuƙa, ya watse. Ta dama, ya kwanta a gindin tukunya kamar yashi. Mma Mero na zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi, tana kallo ta wutsiyar ido. A rana ta uku, da ta ga Mamunatu za ta sake zuba garin a tafasasshen ruwa, sai ta kasa daurewa.

"Ke Mamunatu! Haka na koya miki? Busasshen gari za ki jefa a wuta? Jiƙa shi ya kwana biyu ya yi tsami. Ki haɗa masa gero kashi ɗaya cikin uku, ki kai inji a sake niƙawa. Ina cittarki? Ina kanumfari? Matsa can, ba ni wuri."

Ta miƙe da kyar, ta ɗaure ɗankwalinta tamau, ta karɓe aikin. Safiyar da ƙullun ya yi tsami, ita ta tace, ita ta dama, ta ɗanɗana da ludayi, ta ce a ƙara barkono. Sannan ta zauna ta shanye kwano guda cif, ta miƙa a ƙara mata. Mamunatu ta juya baya tana gyara itace don kada tsohuwar ta ga fuskarta.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a rumfar makarantar Malam Abdul-Rahaman. Maza a kan benci, mata a tabarmi ta gefe, Serwaa a kan kujera da littafinta a cinya. Da farko ba wanda ya so magana, kowa na kallon littafin nan. Malam ya lura, ya ce mata cikin ladabi ko za ta yarda ta rubuta magana kawai, ban da sunan mai maganar. Ta yarda. Nan take bakuna suka buɗe.

Bawah mahauci ne ya fara, ko wuƙarsa bai ajiye a gida ba. Ya ce shi bai ga amfanin abin ba sam. Tun kakanninsu Zango ke ciyar da nata, maƙwabci ya san tukunyar maƙwabci, ba a taɓa jiran gwamnati ba.

"Da maƙwabtan suna nan ke nan," wata mata ta amsa masa daga tabarma. "Leƙa layinmu ka ƙirga ƙofofin da ke da kwaɗo."

Seini, tsohon soja da ya yi yaƙin duniya a ƙasar Bama, ya miƙe ya ƙame kamar yana gaban kyaftin. Ya ce shi hakkinsa ne, ya yi wa ƙasar nan aiki, amma ba zai hau matakan bene ashirin da bakwai, don ya ƙirga su, ya tsaya a layi yaron da bai kai jikansa ba yana daka masa tsawa ba. In gwamnati na son ba shi, ta san hanyar gidansa, ai ta same shi lokacin da take neman sojoji.

Aka yi dariya har da tafi. Batulu mai sabulu ta ce ita matsalarta garin ne kansa, abincin dawaki ne aka kawo wa mutane. Wani ya ce a ba da shinkafa. Wani ya ce a ba matasa aiki su ciyar da iyayensu, a daina rabon. Wani kuma ya ce in aka sauke buhunan a Zango, to 'yan uwan masu rabon ne za su yi ƙiba. Malam Abdul-Rahaman ya ce shi abin da ya dame shi bai wuce a sa mabuƙaci ya tsaya a fili kowa na kallonsa ba, don kyautar da ta zubar wa mutum da mutunci ta rage lada. Serwaa na ta rubutu, hannunta har ya gaji, ga zufa, ga surutu ta ko'ina, kowa na jan nasa ra'ayin.

Da Mamunatu ta ga muryoyi sun fara tashi, Bawah da Seini sun fara nuna wa juna yatsa, sai ta fita. Jim kaɗan ta dawo ɗauke da babbar tukunya a ka, Mma Mero na biye da ita da tiren kwanuka. Ta ce jama'a sun bushe maƙogwaro, a jiƙa tukuna. Aka rarraba. Rumfar ta yi tsit, sai ƙarar kurɓa.

Batulu ce ta fara ajiye kwanonta. "Mamunatu, yau kin canza hannu. Wane gero ne wannan?"

"Abincin dawaki ne, Yaya Batulu. Na ga kin shanye, ko a ƙaro?"

Rumfar ta kece da dariya. Batulu ta rufe fuska da mayafi tana cewa an ci amanarta, amma ta miƙa kwanon. Seini ya ƙware don dariya, sai da aka bubbuga masa baya. Serwaa ta duba cikin kwanonta, ta dubi Mamunatu, ta ce, "Garinmu ne wannan? Da gaske?"

Mamunatu ta ce nasu ne, amma ba ita ta gano kansa ba, ga mai aikin nan. Ta ce shawararta ita ce a kawo buhunan Zango, ita da matan unguwa su riƙa dafawa kullum da safe suna kai wa tsofaffi har ɗaki.

"A'a," in ji Mma Mero.

Kowa ya juyo. Tsohuwar ta dafa sandarta ta miƙe.

"'Yata, kin yi niyyar alheri, Allah ya saka miki. Amma ba na so a riƙa kawo mini kwano ɗaki kamar mai jinya. Wata guda kina kawo mini, kin ga na sha? Yunwa ba ita ta fi damunmu ba. Zaman banza ne, da gidan da ba motsi. Mu da muka aurar da rabin matan da ke zaune a nan, mu ne ba za mu iya dama koko ba? Ki ba mu garin, Awura. Tsakar gidana fili ne, ɗakuna uku a buɗe. Mu tsofaffi mu dafa, mu ci tare. Wanda ba ya iya tashi, mu muka san shi, mu za mu kai masa. Kuma kada a ƙara tambayar kowa inda aka haife shi. Ciki bai san gari ba."

Seini ya buga ƙafa a ƙasa ya sara mata. Ya ce in haka ne shi zai riƙe makullin ɗakin ajiya, kuma in aka kama shi ya saci ko cokali ɗaya a kai shi bariki. Mutumin da ya yi zargin 'yan uwa za su yi ƙiba ya ce a riƙa buɗe kowane buhu a gaban jama'a, aka yarda. Bawah ya yi ta gunaguni cewa har yanzu shi bai yarda da kayan gwamnati ba, amma tunda a gidan Mma Mero za a yi, zai riƙa aiko da ƙashi da kayan ciki ranar Juma'a, don ba zai bari a ce tsofaffin Zango na shan koko tsura ba.

Abin bai zo da sauƙi a ofis ba. Shugaban Serwaa ya ce doka ta ce sai da suna da dangwale. Ta yi mako biyu tana kai da komo tsakanin benen da rumfar Malam, har aka tsaya a kan cewa Malam zai sa hannu a madadin kowa, a rubuta adadin masu ci kawai, a gwada na wata uku a gani. Mamunatu ta fara cire rai, sai ga wata tsohuwar mota ɗauke da buhunan ta shigo layinsu da hantsin wata Laraba tana tari, Serwaa a gaba kusa da direba tana ɗaga hannu. Mata suka fito da guɗa kamar an kawo amarya.

Tun daga ranar gidan Mma Mero ya koma kamar gidan biki. Da an idar da sallar asuba tsofaffi ke fara shigowa, wannan da ludayinta, waccan da rariyarta, kowace na cewa a garinsu ba haka ake yi ba. Wata tsohuwa Bazabarma ta gano yadda ake dambu da garin, da zogale da ɗan mai. Wata 'yar Yendi ta riƙa kwaɓa madarar a zuba a kan fura. Mazan ma ba a bar su zaune ba, aka ba su faskaren itace da ɓarar citta, Seini na tsaye a kansu da makulli rataye a wuya. Mamunatu takan leƙo kafin ta fita da nata teburin, a kore ta, a ce ta je ta nemi abincinta, nan ba wurin yara ba ne. Tana da jikoki huɗu a lokacin.

Babbar Sallah ta zo a watan Fabrairu. Bawah, wanda har ranar bai daina cewa shi bai yarda da tsarin ba, ya jawo rago da kansa ya ɗaure a ƙofar gidan, ya ce na tsofaffi ne. Serwaa ta zo da mahaifiyarta daga Tafo, Batulu ta ara wa Serwaa mayafi ta yafa mata shi da hannunta. Aka yi dambu, aka yi tuwo da miyar kuka, aka soya nama har maƙwabta na leƙowa ta katanga. Da aka ci aka ƙoshi, wata tsohuwa ta kifa ƙwarya a cikin baho mai ruwa ta fara kaɗawa da ludayi. Mma Mero ta miƙa wa Mamunatu sandarta ta ce ta riƙe mata, ta gyara ɗaurin zani, ta shiga fili. Ta jawo mahaifiyar Serwaa, wadda ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, suka yi ta takawa tare, jama'a na tafi, har aka kira sallar la'asar.