Inda Aka Saka Tonye

Shekara talatin da gama yaƙi, amma yaƙin bai gama da Kwamanda Sokari ba. Ya jagoranci jirgin yaƙi, ya hau manyan kujeru a rundunar ruwa, ya yi ritaya ya koma garinsu Buguma da ciwon gwiwa. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Sai ga Ibiene, matar Tonye, sojan da harsashi ya kashe a jirgin Sokari lokacin yaƙin. Bisa dokar aiki aka naɗe gawar cikin tamfol, aka ɗaura mata ƙarfe, aka zura a teku. Su kuwa a gidansu ba a barin mamaci ba a zuba masa abin sha a makwancinsa ba.

"Oga, likita ya ce in shirya, kwanana ya kusa ƙarewa," in ji ta. "Da wane ido zan kalli mijina? Ko ɗigo ban taɓa ba shi ba. Kai ka jefar da shi, kai za ka nuna min wurin."

"Ba jefarwa aka yi ba, Mama. Da girmamawa aka yi."

"To, girmamawar ta kai ni."

Sokari ba ya wasa da rubutu. Lambobin da ke nuna wurin a taswira suna cikin tsohon littafinsa. Ya yi hayar kwalekwale mai inji, suka yi awa uku ruwa na jijjiga musu ƙasusuwa. Da suka doshi wurin, sai ga hasumiyar haƙar mai ta wani kamfani tsaye a kansa, ƙafafunta cikin ruwa. Jirgin sintiri ya tare su, cike da samari sanye da irin kakin da Sokari ya tsufa a ciki.

"Baba, juya!"

"Kun san da wa kuke magana? Kwamanda Sokari ne."

"Ko kai ka haƙa tekun, juya!"

Suka juya. Kunya ta hana shi kallonta. Da suka yi nisa ta buɗe kwalbar giyar ogogoro da ta zo da ita.

"In na zuba a nan, ruwa zai kai masa?"

Ya dubi igiyar ruwan. Gabas take ja, Tonye kuwa yana yamma. Shekara talatin da biyar yana aiki bai taɓa ba da rahoton ƙarya ba.

"Zai kai, Mama," in ji shi. "Zuba."