Kan Da Ya Zo Cikin Akwati

A gidan ubangidanmu Akizawa, mu mata ne ke wanke kawunan da mayaƙa suka saro a fagen fama. Mu taje gashin, mu ɗaure shi, mu shafa wa haƙoran baƙi irin na manya, sannan a jera su gaban maigida. Ni ce babbarsu, kuma tun ranar da wata mai suna Osato ta shigo cikinmu jinina bai haɗu da nata ba. Ta ce yaƙi ne ya cinye ƙauyensu. Ba ta faɗa, ba ta gulma, ba ta ƙorafin abinci. Ni kuwa duk wanda na rasa aibinsa na san ɓoyewa yake yi.

Ran nan da hantsi Munakata, wakilin maigida, ya shigo rumfarmu riƙe da akwatin katako, alhali ba a yi yaƙi ba. Mugu ne na gidi, in yana murmushi to wani zai yi kuka. Ya ce an daɗe ana jin ƙishin-ƙishin cewa Hirasaka, abokin gabar maigida na ƙetaren kogi, ya dasa mana ninja, wato mai leƙen asiri, a cikin gida, kuma mace ce. Kan da ke akwatin na abokin aikinta ne. Duk wadda hannunta ya yi rawa wajen wankinsa, nata kan ma yau zai bar wuyanta.

Bai ko dubi sauranmu ba, ya tura akwatin gaban Osato.

Ta buɗe, ta ɗauko. Namiji ne matashi, da tabo a gira. Na zuba mata ido ina neman abin kamawa, ban samu ba. Ta wanke shi da ruwan ɗumi, ta taje gashin tsaf, kamar mai gyaran kabewa.

"Kin san shi?" in ji Munakata.

"Ina zan san kare, ranka ya daɗe?"

"To, tofa masa yawu mu gani."

Ta tofa masa tsakanin idanu, ta haɗa da zagin uwar da ta haife shi. Matan suka sauke ajiyar zuciya. Ni haushi ma na ji, don na so a ce hasashena ya fito.

Munakata ya zauna a bakin dakali ya gyara takubbansa, babu gaggawa. Ya ce ai maigida da Hirasaka sun yi sulhu, sun raba mashigar kogin. Don ya nuna zuciyarsa fara ce, Hirasaka da kansa ya sa aka sare wannan kan ya aiko kyauta, ya kuma faɗa wa manzo sunan wadda ya dasa mana.

"Mai kan nan Jinza sunansa, mijinki ne," ya ce mata. "Tun kafin in shigo na sani. So nake in ga iyakar biyayyar da ake ta yabonku da ita."

Osato ta dubi kan. Ba ta musa ba, ba ta roƙi ranta ba. Abu ɗaya ta nema, a bar ta ta goge masa fuska. Na tsane ta, amma a lokacin sai da na kawar da kaina.

Munakata ya ɗauke kan daga gabanta ya mayar akwati.

"An riga an wanke," ya ce, ya rufe murfin.

Masu gadi suka fita da ita ta ƙofar baya. Akwatin kuma aka kai wa maigida, yawun bai bushe ba.