Zanin Gado a Goaso

Kwadwo Amankwa mutum ne mai ƙyanƙyami. Ko a gidan uwarsa sai ya ɗauraye kofi kafin ya sha ruwa, kuma shekara ashirin da ya yi yana aikin banki a Akkara ba su rage masa halin ba, sai ma ƙari.

Da kawunsa Opanin Gyamfi ya rasu a asibiti a Kumasi, dangi suka ce shi zai tuƙa Nana Afrakoma, yayar marigayin kuma yayar uwar Kwadwo, zuwa Techiman da Sunyani da Goaso. Can 'ya'yan mamacin suke, kuma mutuwar babban mutum ba a jin ta a hanya. Sai an zauna, an ajiye kwalbar giya a gaba bisa al'ada, babba ya faɗa da bakinsa. Nana ta hana kowa buga musu waya. Kowa kuma ya san da an dawo ita za ta faɗi wanda zai gaji kawun, ya riƙe gidan dangi da gonar koko: ko Kwadwo, ko Boakye ɗan ƙanwar uwarsa, mai gyaran babur a unguwar Bantama a Kumasi. A al'adarsu ɗan 'yar'uwa ke gadon mutum, ba ɗan cikinsa ba. Kwadwo yana son gadon nan har cikin ransa.

Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya, kwana a gidajen dangi. Da ya tuna masai na rami da bokitin wanka ɗaya na gida duka da katifar da yara suka jiƙa, sai tsigar jikinsa ta tashi. Wuni biyu ya yi a kan waya yana auna kamfanonin otal masu araha. Wannan ba shi da reshe a Goaso, wancan ba ya ba da karin kumallo. Daga ƙarshe ya tsaya a kan masu tambarin kwakwa uku, don suna kowane gari, kuma hotonsu iri ɗaya ne ko'ina: farin gado fes, da tawul a naɗe a kai. Bai tsaya ya tambayi kansa yadda ɗaki uku a gari uku za su zama da labule ɗaya da inuwa ɗaya ba.

"Kamfani ɗaya ne, Nana," ya ce da ita suna barin Kumasi. "Gadon da kika kwanta a Techiman shi za ki tarar a Goaso."

"Mu da muke da mutane a kowane gari?" in ji ta. "Pokua 'yar kawunka ta Goaso ɗakinta biyu. Ta sha aiko mini in zo."

"Hutawa nake so ki yi."

"To," ta ce, ta juya tana kallon taga.

A Techiman ɗakin warin maganin sauro da danshi yake yi. Sabulun banɗaki an riga an yi wanka da shi, ga gashin wani a manne. Kwadwo ya ɗauke shi da takarda yana kau da kai. Bayan an isar da saƙo an yi kuka an share hawaye, babban ɗan marigayin ya ce an gyara musu ɗaki, an ɗora fufu da miyar gyaɗa. Nana ta ce, "Ku yi haƙuri, yaron ya riga ya kama mana otal." Kwadwo ya ba arba'in da biyar baya, kuma ya ji kalmar nan ta yaro sarai.

Sunyani ta fi muni. Ya buɗe butar dafa shayi ya tarar da sauran taliyar wani ta bushe a ciki. Ruwan masai ba ya tafiya, ƙasan matashi kuma tsinken sakace ne da aka tauna. Ya sauko wurin manaja yana huci, ya nuna masa hoton da ke waya.

Manajan ya yi dariya. "Yallaɓai, wannan ai ɗakin Akkara ne. Mu suna kawai muka saya da allon ƙofa. Kowane reshe da mai shi."

Da safe Nana ta ce, "Kwadwo, ka ga dai. Mu sauka wurin Pokua mana."

Da ya ji magana da an huta. Amma mutum irin Kwadwo gara ya kwana da kyankyaso da ya ce ya yi kuskure a gaban tsohuwa. Ya ce na Goaso sabo ne, ya karanta an yabe shi.

Suka shiga Goaso da la'asar. Shirin shi ne su yi wanka, su ɗaura baƙin zanen makoki, su je gidan Pokua idan ta taso daga aiki. Rabon Kwadwo da ita tun tana 'yar firamare, bai ma san aikin da take yi ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

Ya raka Nana ɗakinta ya shiga nasa. Iskar ciki ta wani ce, zufa da sigari da tsohon turare. Ya yaye bargo da yatsu biyu. Tsakiyar zanin gadon wani tabo ne rawaya mai faɗin faranti, an juya shi ƙasa don kada a gani, amma ya huda. A bakin katifa kuɗin cizo suna tafiya a jere, ko kunyar rana ba sa ji. Ya fizge zanin ya fito da shi a hannu.

A baranda wata mace ce a duƙe tana goge ƙasa da tsumma, da bokiti a gefenta da rigar aiki mai kwakwa uku a ƙirji.

"Ke. Ke ce mai gyaran ɗakunan nan?"

"Ni ce, Yallaɓai."

"Wannan mene ne? Dube shi da kyau. Kya kwanta a kai?"

Ta miƙe tana goge hannu a riga. "Yi haƙuri. Baƙin sun tashi a makare, mai otal kuma zani bibbiyu ya ba kowane ɗaki, ɗayan yana kan igiya. Kawo in canza maka."

"Ki canza da me, da ƙaninsa? Ƙazamai kawai. Haka gidanki yake?"

Ta sunkuya ta ɗauki tsumman tana matsewa a bokiti. Hakan ya ƙara tunzura shi, haushin kwana uku ya taso masa gaba ɗaya.

"Kin san su waye a ɗakunan nan? Ba 'yan yawo ba ne. Opanin Gyamfi na Mampong ya rasu tun Litinin, gawarsa na kwance a Kumasi, yayarsa ce a ɗakin can ta zo kawo wa iyalinsa labari. Ita za ku shimfiɗa wa fitsarin wani?"

Matar ta dube shi. Tsumman ya zame daga hannunta.

"Wane Gyamfi?"

"Ina ruwanki da wane?"

"Mai gonar koko? Mai ɗingishi a ƙafar hagu?"

Sai a lokacin ya kalli fuskarta. Goshin kawunsa ne, da wushiryarsa.

Ƙofar Nana ta buɗe. Tsohuwar ta tsaya da baƙin zanen da ba ta gama ɗaurawa ba, ta ce a hankali, "Pokua."

Pokua ta zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Nana, da guiwarta ba ta lanƙwasuwa sai da taimako, ta dafa bango ta sauka ta zauna kusa da ita a cikin ruwan guga, ta jawo kanta ta ɗora a ƙirji. Suka daɗe a haka.

"Nana, ban sani ba," in ji Kwadwo. "Wallahi ban san ita ba ce."

"Na sani," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ba ka san kowa ba. Kai mini jakata gidanta. Ka kira Boakye ka ce ya hau mota gobe, shi zai mai da ni Kumasi. Akwai maganar da zan yi da shi."

Kwadwo ya tsaya, ya rasa inda zai sa kansa. Ya san maganar gadon kawunsa ce, kuma ya san tasa ta ƙare. Har yanzu zanin na hannunsa.

Pokua ta share fuska da gefen riga, ta yunƙura ta tashi, ta miƙo hannu.

"Kawo, Yaya," ta ce. "Bari in canza maka kafin in tafi."