Layin da Vernice ta Tsallake

Ban yi nisa a makaranta ba, ina aji uku gonar auduga ta ɗauke ni. Saboda haka ba zan yi gardama da masu ilimin yara na yanzu ba. Abin da idona ya gani a Alabama, tun kafin a zuba wa hanyarmu kwalta, shi zan faɗa.

Vernice jikata ce. Uwarta Loretta, 'yata, ta tafi Chicago aikin masana'anta, ta bar min ita tana rarrafe. Tun daga ranar da ta miƙe tsaye ban ƙara ganin ta zaune da son ranta ba. In tana cin burodin masara ƙafarta na rawa a ƙarƙashin tebur. In ka aike ta kiran kaji, sai ta dawo da kwaɗo a aljihu. Amma gidan nan ni da ita ne kawai, kuma gidan da babu motsin yaro kabari ne mai taga.

Tana aji uku malamarsu, Malama Gaines, ta zo har baranda ta same ni ina ɓare wake.

Ta ce, "Mama Odell, yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. Haruffa duk ta san su. Birki ne ba ta da shi. Ta ga kan kalma sai ta ƙago gindinta, ta tsallake layi ba ta sani ba. In na tambaye ta me ta karanta, sai ta ba ni labarin karen da ya wuce ta taga."

"To, a zane ta mana."

"An zane ta ai, a gida da makaranta. Me ya canja? Ƙarshen shekara zan ba ta shafi ɗaya ta karanta min, ta faɗa min abin da ke ciki. In ta kasa, sai ta maimaita ajin."

Da Loretta ta bugo waya kantin Pickens, inda muke karɓar waya, ban ɓoye mata ba. Ta ce, "Mama, in ta maimaita zan zo in ɗauke ta. Nan akwai malaman da aka horar don irin su."

Ban musa ba, ɗiyarta ce. Na dawo gida a ƙasa.

Na gwada abin da na sani. Na zaunar da ita da littafi, na ajiye tsumagiya a gefe. Sai idonta ya koma kan tsumagiyar, karatun ya ƙara dagulewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma ba a faɗa mana da me ake tanƙwarawar ba.

A cocinmu a lokacin babu kiɗa a farkon sujada. Dattijo Roscoe Tubbs ne ke tsayawa gaba ya karanto layi ɗaya na tsohuwar waƙa, da sauri, da magana. Sai jama'a su karɓe layin su ja shi a hankali, kowace kalma a lanƙwasa ta a miƙe ta, ana buga ƙafa a daɓen katako. Sai sun sauke shi ƙasa sannan ya ba da na gaba. Haka iyayenmu suka yi tun zamanin da littafi ɗaya ne a coci, mai karatu ma ɗaya.

A shekarar nan yanar ido ta kama Roscoe. Wata Laraba bayan addu'a ya tare ni a ƙofa.

"Odell, ki ara min gyaren nan naki ta riƙa karanto min layi."

"Idon ne kawai ya tafi, ko har da hankalin? Yarinyar da ba ta iya zama ta gama tuwo?"

"Ke ma da kina yarinya wa ya taɓa ganin ki zaune? Na tuna ki a kan rufin kejin Baba Ike."

"Ka tuna ƙarya. Kuma waƙoƙin nan ka haddace su tun kafin haƙoranka su zube."

"Na haddace. Ke dai ki ara min ita."

Da tsohuwar zuma ake magani. Na ba shi ita.

Ranar Lahadi na yi mata kitso, na goge farar rigarta, ta tsaya gefen Roscoe da littafin waƙoƙin da ya fi tafinta biyu faɗi. Layin farko ta karanto shi daidai, jama'a suka ɗauka. Ina kallon ƙafarta tana rawa, idonta na bin zanzaro a jikin rufi. Tun ba su kai rabi ba ta buɗe baki za ta jefo na biyu. Roscoe ya ɗora mata hannu a ka, ta haɗiye. Haka suka lallaɓa har baiti na uku. Can ta yi abin da ta saba, ta tsallake layi guda ta karanto na ƙasa da shi.

Ba wanda ya ɗauka.

Iya Arzula, wadda ta girme mu duka, tana bencin gaba da farar hularta. Ba ta ko ɗaga kai ba. Ta koma kan sautin ƙarshe na layin da ya wuce, ta riƙe shi da baki a rufe. Sauran suka bi ta. Coci gaba ɗaya yana gunji a hankali, ana rangaji, mahuci na kaɗawa, ba mai kallon yarinyar. Vernice ta dubi Roscoe, shi ma gunjin yake. Ta dube ni, na dubi takalmina. Na ce a raina yanzu za ta jefar da littafin ta fice.

Sai ta sa yatsa a shafin. Ta koma sama, ta gangaro a hankali, leɓenta na motsi, har ta tsinci wanda ta bari. Ta karanto shi da ƙaramar murya. Coci ya ɗauke shi kamar ba abin da ya faru.

A hanyar gida ta ce, "Kaka, da ban gano shi ba fa?"

"Da har yanzu muna can. Iya Arzula ba ta da wurin zuwa."

Kada wani ya ce rana ɗaya ta gyara ta. Ta sake tsallakewa, ba sau ɗaya ba, kuma kullum jira ake yi. Gida kuwa tana nan da kwaɗinta. Amma wajen bazara na lura in tana karatun makaranta, ta kai ƙarshen layi sai ta tsaya ta yi ɗan gunji a maƙogwaro kafin ta shiga na gaba. 'Yan ajinsu suka sa mata suna Dattijo. Ta fasa wa ɗaya leɓe a kan haka, na zane ta, washegari ta ci gaba da gunjinta. Malama Gaines ta mayar da ita benci na gefe, ta ce ta yi abinta, kada dai ya kai kunnen na kusa.

Ƙarshen watan Mayu Loretta ta sauko daga motar safa, ba ta jira sakamako ba. Ta zo da akwati biyu, ɗaya na ɗaga na ji ba komai a ciki. Ranar gwajin muka zauna a baranda ni da ita, muna ɓare wake. Da la'asar sai ga motar Malama Gaines, Vernice a gaba.

Malamar ta ce, "Ita ce ta ƙarshen gamawa. Har na yi tsammanin za mu kwana. Amma ba ta bar layi ba, kuma ta faɗa min abin da ke shafin. Ta wuce zuwa aji huɗu."

Loretta ta ce, "Da kyar kenan."

"Da kyar. Kuma da sauran aiki a gabanta."

"A Chicago da ba da kyar ba."

Na ajiye kwanon waken. Na ce, "Sannu ba ta hana zuwa. Alkawari kika yi, in ta maimaita. Ba ta maimaita ba."

Ta daɗe tana kallon 'yarta, wadda tuni ta haye shinge tana bin kaza da rigar makaranta.

"Shekara ɗaya, Mama. Sai mu ga aji huɗu."

"Sai mu gani."

Ranar da za ta koma na cika mata akwatin nan da kwalaben 'ya'yan itacen da na dafa da sukari, da naman alade mai hayaƙi, har sai da Vernice ta zauna a kan murfin kafin ya rufu. Muka raka ta bakin titi, motar ta tashi, ni da jikata muka kamo jar hanya zuwa gida, tana gaba da gudu ina kiran ta ta jira ni.