Ƙarfen da Ke Cikin Madarar Tsohuwata

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma shekara arba'in ina gyaran injin ban ruwa, babu wanda ya gagare ni. Rijiya ta rufta da ni, na fito da ƙafata. Inji ya cinye mini yatsu biyu, washegari na koma aiki. To, 'yar na'urar da ba ta fi tafin hannuna ba ce za ta ba ni tsoro?

Tun da ɓarin jikin tsohuwata, uwar 'ya'yana, ya shanye, haɗiya ta gagare ta. A asibiti suka sa mata siririn tiyo ta hanci har ciki, suka haɗa mu da na'ura mai 'yar taya. Tayar tana juyawa, ta matse tiyon, ta tura madara gaba, ta saki, ta sake matsewa, kamar dai maƙogwaro. 'Yarmu ce ke kula da ita, nawa ido.

Ran nan 'yar ta tafi aiki. An tashi da sanyi, madarar ta yi kauri a jakarta, na'ura ta kama kuka, ɗigo ya tsaya. Tsohuwa kuwa mai ciwon sukari ce, an yi mata allurarta da safe, kuma an gaya mana sukarinta zai faɗi in abinci bai shiga ba. Sai na tuna nas ta ce akwai ƙarfe a madarar, don ƙarin jini. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na ɓallo maganaɗisun tsohuwar sifikar rediyo, na manna shi dab da tayar don ya jawo madarar.

Na'ura ta yi tsit. Na cire shi, na danna, na bubbuga ta yadda nake yi wa inji. Ko gezau.

Goshin tsohuwa ya fara tsatsafo da gumi, ga sanyi. Na kira ta, idonta bai same ni ba. Da kyar na lalubo lambar 'yar, na faɗa mata abin da na yi.

"Baba, ai ba irin ƙarfenka ba ne," in ji ta.

Ta ce hanya a cunkushe take, sai ta yi awa guda kafin ta iso. In zare tiyon daga na'urar, in ɗumama madarar amma ban da wuta, kada ta yi gudaji, in rataye jakar a sama.

Na cusa jakar cikin rigata, na rungume ta a ƙirji har ta ɗauki ɗumin jikina. Na rataye ta a ƙusar ƙofa. Madarar ta ɗan saki, amma ba ta tafiya. Sai na kama tiyon da yatsu ukun da inji ya bar mini. In matse, in ja ƙasa, in saki. In matse, in ja, in saki. Ina yi ina roƙon Allah, ina roƙon tsohuwa kada ta yi mini haka.

Ban san sau nawa na yi ba. Jakar ta kai rabi sa'ad da gumin ya bushe, idonta ya sauka a kaina. Ta motsa ɓarin bakin da ke aiki.

"Sarkin ƙarfe," ta ce, "me ka ɓata kuma?"

Da 'yar ta shigo ta ce in kawo ta karɓa. Yatsun sun ƙage a kan tiyon, sun ƙi buɗuwa. Na ce mata ta bari, injin nan bai taɓa tsayawa a tsakiyar aiki ba.