Irin Kindirmon Surukata

Nitai, ƙanin marigayi mijina, shi ya tsegunta wa 'yan sanda cewa ina sayar da kindirmo ta ƙofar baya lokacin kullen korona. Shagonsa na kallon nawa a kasuwar Bogura. Ya rufe nasa, ɗan cinikina ya tsone masa ido. Suka zo da kulake suka farfasa min kasake saba'in, shi kuwa yana tsaye yana gyara takunkumi.

Kasake ba su dame ni ba, iri nake ji. Cokali ɗaya na kindirmon jiya ake zuba wa madarar yau, kuma namu tun na surukata ne, bai taɓa yankewa ba. Na durƙusa a bakin kwata na kankaro abin da ya maƙale a wani tsingaro, ina kuka ina zagin Nitai har kakanninsa, na manta na mijina ne su ma.

Wata biyu ina raya irin nan da kofin madara ɗaya kullum, shayina ma baƙi nake sha. Gogan ya gudu ƙauye, nasa ya ruɓe.

Ana buɗe kasuwa sai ga shi da ɗan kasko, yana sosa ƙeya.

"Boudi, na samu aikin biki, kasko ɗari biyu. Ɗan sam min irin uwarmu Ma mana."

"Au, yau ka tuna ni matar wanka ce?"

"Haba Boudi, ai ba a hana iri."

"Wa ya isa ya hana ɗan lelen Ma? Zauna."

Na shiga ciki na ɗebi cokali uku, na ɗora a wuta sai da ya mutu murus. Na fifita, na burga shi ya yi sumul, na miƙa masa da hannu biyu. Ko ɗar ban ji ba.

Washegari da hantsi uban amarya na tsakiyar titi yana surfa wa Nitai ruwan ashar, madara kwance a kasake tsululu. Na jawo kujerata waje don kada komai ya wuce ni. Nitai ya tsallako wurina.

"Na uwata ne fa, Boudi."

Ban ko dube shi ba. Na ɗaga murya na kira uban amarya da Dada, wato babban yaya.

"Dada, kasko nawa ne? Ina da ɗari biyu cif, tun jiya na haɗa."