Hular da Taguwa Ta Bari a Ƙasa

Sojojin sama Taguwa suke kiran jirgin, don kamar raƙuma, ba abin da ba a labta mata ba. Lokacin yaƙin Laberiya ta yi jigilar sojoji da motoci da buhunan shinkafa, ta komo da masu rauni, wani zubin ma da gawa. Mummuna ce, ga ƙugi kamar za ta tarwatse, amma ba ta taɓa ba da kunya ba, sai ranar da ta tashi daga bakin teku cikin hadari, aka neme ta aka rasa. Ko ƙusa ba a tsinta ba.

Maharazu makanikenta ne tun tana sabuwa. Da ya yi ritaya ya dawo Daura yana gyaran injin ban-ruwa, kuma duk wanda ya kuskura ya kira Taguwa gwangwani, to ranar sai ya sha faɗa.

Amininsa Amadu, mai kula da lodin Taguwa, shi ma tun ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Matarsa Haulatu ta yi shekaru a Baure, ba ita ga masu aure, ba ita ga zawarawa, saboda wansa Maliki ya kafe cewa Amadu bai shiga jirgin ba, wai wani direba ya hange shi a Damagaram. Da Haulatu ta gaji da jira, ta kai maganar kotu. Alƙali ya ce a kawo wanda ya ga shigarsa.

Maharazu ya zo da ƙunshi a hammata, ya zauna kamar gidansa.

"Ka gan shi ya shiga?" in ji alƙali.

"Allah gafarta Malam, ni na zare katakon da ke tokare da tayar. Shi ya ja ƙofa ya rufe ta ciki."

Maliki ya ce, "Shekara nawa yanzu? Ido yana gizo, Malam Maharazu."

Maharazu bai ko kalle shi ba. Ya kwance ƙunshin, ga hula zanna, bakinta ya yi baƙi da gumi.

"Amadu ba ya tashi da hularsa. Kullum in zai rufe ƙofa sai ya cillo wa wanda ya rage a ƙasa, ya ce, riƙe mini, zan dawo. Ko daga Manrobiya ya dawo, ko daga Legas, ba ya wucewa masallaci sai ya karɓe ta. Kai ka san ƙanenka, Yaya Maliki. In yana Damagaram, da kai ba hula yake yawo?"

Maliki ya ɗauki hular ya juya ta. Ya ga inda mahaifiyarsu ta ɗinke ɓarakar da farin zare. Ya ajiye ta, ya koma ya zauna.

Alƙali ya tabbatar da rasuwar, ya ce Haulatu ta shiga takaba.

A bakin kotu Maharazu ya miƙa mata hular. Zuciyarsa ta yi nauyi, don shi ma, duk taurin kan nasa, ya daɗe yana jiran a zo a karɓa.

"Ga ajiyar nan, Haulatu. Mai ita ba zai zo ba."

Ta karɓa da hannu biyu, ta kai hanci. Sannan ta yi kukan da aka hana ta tun ranar da Taguwa ta tashi.